*AN CIRE HAƘORI, SAURA ƘASHIN MUƘAMUƘI*

 

Yau a kan haƙori za mu tsaya, amma ba a kan ciwonsa ba. Maganar abin da ke biyo baya ce, bayan an cire shi, zogi ya lafa, ka dawo gida da auduga a baki kana hamdala cewa an rabu da ƙaya. A wannan lokacin da kake ganin magana ta ƙare, wani aiki ne ya fara a ƙarƙashin dasashinka, shiru, babu zafi, kuma mafi yawansa zai gudana cikin watanni 3 na farko. Saƙon yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta shi har ƙarshe, musamman wanda likita ya riga ya ba shi ranar cirewa.

Ka tuno fuskar kakarka, ko ta wani dattijo a unguwarku da haƙoransa suka zube. Leɓɓa sun shige ciki, kumatu sun lotsa, haɓa ta matso kamar za ta gaisa da hanci. Mu dai mukan ce tsufa ne. Tsufa yana da nasa kason, amma babban abin da ya tafi a fuskar nan shi ne ƙashin da haƙoran suke zaune a cikinsa. Kuma wannan ƙashin ba ya jiran tsufa. Ko ɗan shekara 25 aka cire wa haƙori, a gurbin nan ƙashinsa zai fara tafiya.

*ƘASHIN DA YAKE RAYE SABODA HAƘORI*

Muƙamuƙi hawa biyu ne. Akwai gindinsa, wanda shi ne ginshiƙin fuska. A kan gindin kuma akwai wani tudu da saiwoyin haƙora suke binne a ciki. Idan ka sa yatsa ka shafa dasashinka ta waje za ka ji shi, har ma za ka ji tudun kowace saiwa.

Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. Kunyar gona, muddin akwai shuka a kanta, saiwa tana riƙe da ƙasar. Ranar da aka tuge shukar aka bar kunyar haka nan, damina ɗaya ta isa ta baje ta. To tudun nan na ƙashi kunya ce da jiki ya ɗaga domin haƙori. Tare da haƙorin yake tasowa tun yarinta, kuma in haƙorin ya tafi, jiki yana ɗaukar cewa aikinsa ya ƙare.

Yadda abin yake kuwa shi ne, saiwar haƙori ba manne take da ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakaninsu akwai wasu siraran zaruruwa masu ɗimbin yawa da suka rataye haƙorin a cikin gurbinsa. Duk taunar da ka yi, zaruruwan nan suna jan ƙashin, wannan jan kuma shi ne saƙon da ƙashi yake samu cewa har yanzu ana bukatarsa. A cikin kowane ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba sa hutawa, masu gini da masu rushewa. Inda ake aiki, magina ke rinjaye. Inda aiki ya tsaya, masu rushewa su kwashe kayan ginin su mayar cikin jini. Wani likitan fiɗa Bajamushe mai suna Julius Wolff ya yi bayanin wannan ƙa'ida tun 1892. Ban da haka, siririn bangon gurbin yana samun wani kaso na jininsa ne ta cikin waɗannan zaruruwa. An cire haƙori, an tsinke su, bango ya rasa aiki ya kuma rasa wani ɓangare na abincinsa.

Nawa ne ke tafiya? A 2003 wasu likitoci a ƙasar Denmak, ƙarƙashin Lars Schropp, sun bi mutum 46 da aka cire wa haƙoran baya, suna aunawa har shekara guda. Sun samu cewa faɗin tudun ya ragu da kusan rabi, kuma kashi 2 cikin 3 na wannan raguwar a watanni 3 na farko ta auku. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa cikin wata 6 ana rasa kusan milimita 4 a faɗi, da sama da milimita 1 a tsayi. Za ka ce milimita 4 ai ba komai ba ne. A haƙoran gaba na sama, bangon ƙashin da ke ɓangaren leɓe a wurin mutane da yawa bai kai kaurin milimita 1 ba, kamar ɓawon ƙwai yake. Ka ga ke nan ba shi da abin da zai bayar.

Bayan shekarar farko gudun yana raguwa, amma ba ya tsayawa cak. Binciken Antje Tallgren da aka buga a 1972, wanda ya bi masu cikakken haƙorin roba har shekara 25, ya nuna muƙamuƙin ƙasa yana zaizayewa kusan ninki 4 na na sama. Shi ya sa za ka ga tsoho yana fama da haƙorin robarsa na ƙasa, yana magana yana rawa a bakinsa, alhali na saman yana zaune lafiya.

*TO INA RUWANA, TUNDA BA YA CIWO?*

Tambaya ce mai kyau. Giɓi ɗaya ba ya zama shi kaɗai. Haƙorin da ke bayansa yakan fara kishingiɗa cikin filin da aka bari, na samansa ko na ƙasansa kuma, da ya rasa abokin karo, sai ya riƙa zurowa a hankali. Tsakanin haƙora ya buɗe, nama da zaren ganye su samu maɓoya, sabon kogo da ciwon dasashi su biyo baya. Kai kuma ba ka sani ba ka koma tauna da gefe guda.

Babbar asarar kuwa tana bayyana ne ranar da ka samu hali ka ce bari a mayar maka da haƙori. Dashen haƙori na zamani, wanda ake ɗaura wata ƙusa ta ƙarfen titaniyom a cikin ƙashi ta zama saiwa, wani likita ɗan ƙasar Siwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya fara yi wa mutum shi a 1965. Ƙusar nan tana bukatar ƙashi ya kewaye ta ta kowane gefe. Idan tudun ya koma kamar bakin wuƙa, babu inda za ta zauna. A sama ta baya akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda yakan ƙara saukowa idan an cire turamen sama. A ƙasa kuma akwai babbar jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, tana kwance cikin ƙashin. Tudu yana raguwa, tazarar da likita zai yi aiki a ciki tana tsukewa. Abin da da farko ƙaramin aiki ne sai ya koma tiyata biyu da kuɗi ninki.

*KAFIN KA BUƊE BAKI*

Mutumin da haƙori ya hana barci kwana 3 ba ya son dogon zance, "likita kawai a cire" shi ne abin da yake faɗa. Na san zafin, amma ka daure ka yi tambaya ɗaya: wannan haƙorin ba zai gyaru ba? Haƙora da yawa da ake cirewa ciko ya ishe su, wasu kuma a wanke jijiyarsu a cike saiwar a ɗora musu hula. Saiwarka ta asali, ko da an kashe jijiyarta, tana ci gaba da jan ƙashin, kuma babu wani abu da ɗan Adam ya ƙera da ya kai ta riƙe shi. Wankin jijiya ya fi cirewa tsada a ranar, gaskiya ne. Amma ka haɗa lissafin da kuɗin mayar da haƙori nan gaba.

Sai dai kar a juya maganar. Haƙorin da ya riga ya mutu, yana tara mugunya, dasashi ya kumbura ya fashe ya sake kumbura, ajiye shi ba tattalin ƙashi ba ne. Ƙwayoyin cutar da ke gindinsa ƙashin suke ci. Haka ma ciwon dasashi mai sa haƙora girgiɗi, shi tun haƙorin yana baki yake cinye tudun. Wanda ya shekara 2 yana shan kafso daga kemis duk lokacin da kumburi ya tashi, ranar da za a cire za a tarar rabin bangon babu shi. Hoton ƙashi ne zai raba gardama, don haka in likita ya ce a ɗauka, kar ka ga kamar neman kuɗi ne.

Ka kuma gaya masa gaskiyar lafiyarka tun bai tambaya ba. Ciwon suga in bai daidaita ba yana jinkirta warkewa. Mai sikila, mai hawan jini, mai juna biyu, wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, duk su faɗa. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin ya faɗa, amma kar ya dakatar da shi da kansa. Akwai kuma rukuni biyu da nake so a kula da su sosai: masu shan maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendironet ko karɓar allurarsa, waɗanda galibi iyayenmu mata ne da masu fama da daji, da kuma wanda aka taɓa gasa wa daji a kai ko wuya. Waɗannan in an cire musu haƙori babu shiri, gurbin yana iya ƙin rufewa, ƙashin ya fito fili ya mutu.

Sannan wa zai cire? Nan ma ana asarar ƙashi mai yawa a wurarenmu, cikin minti 5. Mai cire haƙori a kasuwa ko a bayan shago ƙarfi ya sani. Ya kama ya girgiza waje da ciki, sai ka ji ƙas, ya nuna maka haƙori da ɗan farin abu manne a saiwarsa. Wannan ɗan farin abin bangon gurbinka ne, kuma ba zai dawo yadda yake ba. Wani lokaci saiwa ta karye a bar guntunta a ciki. Ga kuma kayan aikin da aka fito da su daga bakin wani aka ɗauraye da ruwa kawai, alhali ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Ƙwararren likita a hankali yake sassauta zaruruwan nan da siririn ƙarfe, in turmi ne mai saiwa 2 ko 3 ya yanka shi ya zare kowace saiwa daban, don bango ya tsira. In ka ga ya daɗe, kar ka ce bai iya ba.

*GUDAN JININ NAN SHI NE HARSASHI*

Da an zare haƙori, jini zai cika gurbin ya daskare. Mutane da yawa suna ganinsa kamar datti ne, su sa harshe, su sa tsinke, su kurkure har sai sun ga wuri ya yi fes. Wallahi kuskure ne babba. A cikin wannan gudan jinin ne sababbin jijiyoyin jini za su tsiro, cikin mako guda ya rikiɗe ya zama ɗanyen nama, dasashi ya rufe samansa cikin makonni 3 zuwa 4, sabon ƙashi kuma ya ci gaba da cika ramin har tsawon watanni. In ka ga wani fari-fari ko ruwan ɗorawa a saman wurin bayan kwana 2 ko 3, babu wari babu ƙarin zafi, ba mugunya ba ce, warkewa ce. Bar shi.

Idan gudan ya fita, ƙashi ya zauna tsirara. Alamarsa ita ce kwana 2 zuwa 4 bayan cirewa, lokacin da ya kamata sauƙi ya samu, sai wani azababben zogi ya taso ya harba har kunne, baki ya yi wari. Yana samun 'yan kaɗan cikin 100 a cirewa ta yau da kullum, amma ya fi yawa nesa ba kusa ba a haƙorin ƙarshe na ƙasa, da masu shan taba, da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. Ba a maganinsa a gida. Ka koma, likita ya wanke ya sa magani a ramin, yawanci a ranar za ka ji sanyi.

Don haka ranar farko, ka cije audugar da aka sa maka minti 30 zuwa 45 ba tare da surutu ko leƙawa ba. In jini ya ci gaba da tsattsafowa ka sa sabuwa mai tsabta ka sake cijewa, jakar ganyen shayi da aka jiƙa da ruwan sanyi ma tana taimakawa. Yawu mai ja-ja a kwana na farko ba abin tsoro ba ne. Kar ka yi ta tofarwa da ƙarfi, kar ka zuƙi lemo da tsinke, don zuƙa tana tsotso gudan. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana 3, in da hali mako guda, in da ƙarin hali har abada. Ka ɗora ƙanƙara a tsumma a kumatu minti 15, ka huta, ka maimaita. Ka kwanta da kai a ɗage. Ba ranar faskare ko ɗaukar buhu ba ce.

Uwargida, abincin mai cire haƙori a hannunki yake. Kunu ko koko da ya huce, kindirmo, ayaba, dafaffen ƙwai, faten dankali, tuwo mai laushi da miyar kuka. A ɗaga masa ƙafa daga yaji da shayi mai tururi. Goro, ƙuli-ƙuli, aya, rake, kilishi da gugguru su jira mako guda ko fiye. Riɗi da dambu da duk wani abu mai ƙananan ƙwayoyi su ma haka, saboda suna faɗawa ramin su maƙale.

Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, a guntsa, a karkata kai a hankali, a buɗe baki ya zuba da kansa, sau 3 ko 4 a rana musamman bayan cin abinci. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa bakin ramin. Farasitamol ya isa ga mafi yawan mutane. Ibufurofen yana aiki sosai amma ba na mai olsa ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba ne. Asfirin kuwa yana ƙara zubar jini.

Ga abubuwan da ba a kwana da su a gida: jinin da ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga na awanni, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana 3, baki ya ƙi buɗuwa, ruwa ya riƙa fitowa ta hanci in ka sha, ko leɓe ya kwana bai dawo da jinsa ba. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya, wannan ko ƙarfe 2 na dare ne a tafi asibiti, yana iya toshe maƙogwaro.

*ALWALA DA AZUMI FA?*

Ana yawan turo wannan tambayar. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi, kurkurar baki da shaƙa ruwa da facewa sunnonin alwala ne, ba farillanta ba, kuma fitar jini daga dasashi ba ya warware ta. Saboda haka a ranar farko ka guntsi ruwan a hankali ka bar shi ya zuba, ko ka bar kurkurar in likita ya hana, alwalarka tana nan. Wanda aka cire wa turmin sama, musamman in an ce masa saiwar ta kusanci kogon hanci, ya kiyayi facewa da ƙarfi na tsawon kwanakin da aka ɗiba masa, in atishawa ta zo ya yi ta baki a buɗe.

Azumi kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta sanya cire haƙori cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar mutum ya kiyaye haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Duk da haka, in ba gaggawa ba ce, gara a sa ranar bayan Ramadan ko a yi da yamma dab da buɗa baki, don a samu damar shan magani a kan lokaci. In kuwa kumburi ne mai haɗari, ba a jiran Sallah.

*CIKA GURBI DA GARIN ƘASHI*

Yanzu ga abin da yawancinmu ba a taɓa gaya mana ba. Akwai wani ƙaramin aiki da ake yi a zaman da aka cire haƙorin, allurar kashe zafi ba ta ma sake ka ba. Likita ya kankare ramin tas, ya cika shi da wani gari mai kama da tsakin gishiri, ya rufe samansa da ɗan siririn mayafi, ya yi ɗinki. Garin nan ba shi zai zama ƙashinka kai tsaye ba. Aikinsa irin na katakon da magini ke tokare dakali da shi ne kafin siminti ya kama: ya riƙe wurin kar ya rufta, jini ya ratsa shi, ƙashinka ya tsiro a tsakankaninsa. Bayan wata 3 zuwa 6 sai a duba a yi dashe.

Kar wani ya ce maka yana hana zaizayar gaba ɗaya, ba ya hanawa. Abin da nazarce-nazarce suka nuna shi ne yana ceto kusan milimita 2 na faɗi in an kwatanta da ramin da aka bari haka. Sau da yawa wannan milimita 2 ita ce ke raba mai dashe kai tsaye da wanda sai an yi masa babbar tiyatar ƙarin ƙashi.

Abin da ya shafe mu a matsayin Musulmi shi ne, daga ina garin ya fito? Hanyoyi 4 ne. Akwai wanda ake kankarowa daga jikinka, ta haɓa ko bayan muƙamuƙi. Akwai na mutanen da suka rasu suka bayar da gudummawar sassan jikinsu, wanda ake sarrafawa a tace shi. Akwai na dabba, galibi saniya, amma akwai na doki da na alade, yawanci ana sarrafa shi har sai ma'adinin kawai ya rage. Sai na huɗu wanda ake haɗawa a masana'anta daga sinadaran kalsiyom da fosfet, babu mutum babu dabba a cikinsa. Inda aka fi mantawa shi ne mayafin da ake rufewa da shi. Misali kamfanin Geistlich na ƙasar Suwizalan, garinsa da ya yi suna, Bio-Oss, daga ƙashin saniya ne, amma mayafinsa Bio-Gide daga alade ake samo shi. Likita ba lallai ya yi tunanin gaya maka ba, shi aikinsa yake kallo. Kai ne za ka ce a nuna maka kwalin. Malamai sun tattauna irin wannan ta fuskar lalura da ta fuskar abin da ya sauya daga asalinsa, kuma sun saɓa, don haka ka kai wa malamin da ka amince da shi sunan abin da asalinsa. Ni dai a ganina, tunda akwai gari da mayafi na masana'anta, wanda ya same su ya huta da shiga saɓanin.

Akwai kuma wata dabara da ake ɗibar jininka a kwalba, a juya shi a inji, a ciro wani dunƙule mai kama da kitse a cusa a ramin. Naka ne, babu shubuha. Yana taimaka wa nama ya warke, yana rage zafi, amma wajen riƙe faɗin ƙashi bai kai garin ba.

Kowa ne yake bukatar wannan aiki? A'a. Haƙorin ƙarshe na can ƙurya da ba za a mayar ba, yawanci babu bukata. Wanda ake cirewa don a jera haƙora da waya, shi ma haka, saboda maƙwabta za su rufe wurin. Inda ya fi amfani shi ne haƙoran gaba da ake gani in ka yi murmushi, da turamen sama da ke ƙarƙashin kogon hanci, da duk inda kake da niyyar dashe ko da nan da shekara ne. Yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba. Ka yi tambaya a sashen haƙori na manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello, ko na Sakkwato da Maiduguri, kuma ka yi ta kafin ranar cirewa. Wanda ba shi da hali kar ya damu kansa, cirewa a hankali da tsare gudan jini kyauta ne, kuma su ne kan gaba.

*ZUMA, HABBATUS SAUDA DA KANUMFARI*

Na san wani zai ce a ba mu haɗin da zai tsirar da ƙashin. Amana ce tsakaninmu, ba zan ba ka abin da babu shi ba. Zuma da habbatus sauda da man zaitun suna da gurbinsu, ka sha su, ka ci abinci mai gina jiki: nono, kindirmo, wake, ƙwai, zogale, kuka, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, lemo da gwaiba, ka kuma sha hantsi. Duk wannan yana taimaka wa rauni ya warke da kyau. Amma tudun nan rashin aiki ne ke rushe shi, ba yunwa ba, don haka babu abin sha ko na shafawa da zai tsayar da shi.

Cusa abu a ramin kuwa, ko mene ne, a bari. Gaskiya ne maganin da likitoci ke sawa a ramin da ya bushe akwai sinadarin kanumfari a ciki, amma gwargwado ne aka auna. Tsantsar man kanumfari yana ƙona dasashi. Tafarnuwa ma tana ƙonawa, haka ƙwayar asfirin da wasu ke dannawa a wurin. Garin taba, kanwa, fetur da ruwan batir, waɗannan ba ma sai an tsaya bayani ba, nama suke kashewa, ƙashin da ke ƙasa ya biya bashin.

*WANDA YA DAƊE DA GIƁI, DA YARANMU*

In shekaru sun wuce da cire naka, ba a ce ƙofa ta rufe ba. Je ka a ɗauki hoto a ga abin da ya rage. Ana iya ƙara ƙashi, ana iya ɗaga kogon hanci, sai dai aikin ya fi girma. Haƙorin roba da gada suna mayar da tauna da murmushi, suna kuma hana maƙwabta kishingiɗa, wannan ba ƙaramin amfani ba ne, amma ƙashin da ke ƙarƙashinsu yana ci gaba da raguwa tunda babu saiwa a cikinsa. Mai haƙorin roba ya riƙa cire shi da dare, in ya fara rawa a kai a gyara zamansa, don wanda ke gugar dasashi yana ƙara saurin zaizayar.

Iyaye, ku buɗe bakin ɗanku ɗan shekara 6 ku duba can baya. Akwai turmi babba da ke fitowa a wannan shekarar a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa ake ɗaukarsa na yarinta ne, a bar shi ya ruɓe ana cewa ai zai famfare. Ba zai famfare ba, na dindindin ne, guda 4 ne, biyu sama biyu ƙasa. In aka cire shi, babu wani a ƙarƙashinsa, kuma ba a yi wa yaro dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko fiye. Duk baƙin ɗigon da kuka gani a kansa, ku kai a cike tun yana ƙarami.